Yadda ake auna iskar taya a zafin bazara, da dalilin da ya sa ba a rage wa taya mai zafi iska

Wata shekara cikin watan Afrilu na shiga motar haya daga Maradi zan je Tasawa gaisuwar rasuwa. Bayan azahar muka tashi, mota ta cika maƙil, ga buhunan gero a bisa, ga kwalta tana wani ƙyalli daga nesa kamar an zuba mata ruwa. Da muka isa Cadawa direba ya tsaya, ya zagaya ya ɗora tafin hannu a kan tayar baya, ya janye da sauri yana yarfe hannu. Sai ya kira yaron mota ya ce ya samo tsinken ashana ya danna bawul, a rage mata iska kafin ta fashe.

Na leƙo ta taga na ce, “Maigida, da ka bar ta yadda take, rage iskar nan shi zai ƙara mata zafi.”

Ya dube ni ya yi dariya. “Malam, kai alli ka sani, ni ƙarfe na sani. Tun ba ka fara gemu ba nake bisa hanyar nan.”

Na ja bakina. Mun wuce Agye da kaɗan muka ji wata ƙara kamar ta bindigar mafarauta, mota ta shiga rawa, Allah ya kiyaye muka tsaya a gefen hanya babu wanda ya ji ciwo. Ba zan rantse cewa tsinken ashanar nan kaɗai ya fasa tayar ba, don tsohuwa ce kuma lodi ya yi mata yawa. Amma na tabbata ya taimaka wa ajalinta. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ke faruwa a cikin tayar

Iskar da ke cikin taya tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya. Kowace tana gudun da ya kai kusan mita 500 a cikin sakan guda, tana bugun bangon taya tana dawowa, kamar ka zuba gyaɗa a gwangwani kana girgizawa. Wannan bugun da ba ya yankewa shi ne matsin da ma'auni ke nuna maka. Idan zafi ya ƙaru, gudunsu ya ƙaru, su riƙa bugun bango da ƙarfi kuma a kai a kai. Tunda taya ba ta da wurin buɗewa sosai, sai matsi ya hau. Idan ta huce, ya sauko da kansa. Ba wata iska da ta shiga, ba wadda ta fita.

Ka gwada a gida ka gani. Ka samu robar ruwa wadda babu komai a ciki, ka rufe murfinta tam da tsakar rana, ka sa ta a firji. Bayan ɗan lokaci za ka tarar ta lotse kamar an matse ta. Ka fito da ita ka ajiye a rana, za ta miƙe tana ƙas-ƙas. Jarkar mai da ka ga ta kumbura a rumfar masu sayar da mai na bakin hanya ita ma 'yar gidan ce, sai dai ita ban da iska akwai tururin man da zafi ke tayarwa.

Ilimin ba sabo ba ne. Robert Boyle ya wallafa a Ingila a 1662 cewa idan ka matse iska cikin ƙaramin wuri matsinta na ƙaruwa daidai gwargwado. A makarantunmu ana haɗa sunansa da na Mariotte na Faransa. Wani Bafaranshe, Guillaume Amontons, shi ya lura tun wajen 1700 cewa iskar da ke rufe matsinta na bin zafinta. Lissafin kuma ba ya fita sai da ma'aunin Kelvin, wanda William Thomson ya kawo a 1848: ka ɗauki digirin da ka sani ka ƙara masa 273.

Bari mu yi shi da tayar ƙaramar mota. Da safe zafi digiri 25, ma'auni ya nuna bar 2.2 (bar shi ne awon da ake ƙidaya matsin iska da shi). Ma'aunin taya ba ya ƙidaya nauyin iskar duniya da ke danne da mu, wanda ya kai kusan bar 1, don haka ainihin matsin ciki 3.2 ne. Digiri 25 kuma 298 ne a Kelvin. Ka hau kwalta da rana, iskar ciki ta kai digiri 60, wato 333. Ka ninka 3.2 da 333, ka raba da 298, ka samu kusan 3.6. Cire ɗayan nan na iskar duniya, ma'auni zai nuna maka kamar 2.6. Wanda bai sani ba sai ya firgita, alhali masu ƙera tayar sun san da wannan hawan, da shi suka yi lissafinsu. To, a ce ka rage ta koma 2.2 tana da zafi. In ta kwana ta huce, 1.9 za ka tarar ko ƙasa da haka. Ga mai son gajeren lissafi: kowane digiri 10 yana ɗaga tayar ƙaramar mota ko ya sauke ta da kamar bar 0.1.

Kuma ga inda direbanmu ya yi kuskure. Ba yawan iska ke dafa taya a hanya ba, ƙarancinta ne. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti guda. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ka taɓa wurin ka ji yadda ya yi zafi. Haka roba take yi, har zafin ya kai inda za ta fara rabuwa da wayoyin ƙarfen da ke cikinta. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda irin wannan rabuwar, kuma jihohin da suka fi zafi su suka fi ganin haɗurran. Bayan nan ne aka wajabta wa sababbin motoci a can na'urar da ke kunna fitila idan iskar taya ta yi ƙasa. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a 2014. Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ka ga tana ci a gaban motarka ta Kwatano, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, ita ce. Da yawa a nan sun mayar da ita ado.

Ka fara da mallakar ma'auninka

Hausawa na cewa ido ba mudu ba amma ya san kima. A kan taya dai bai sani ba. Tayoyin zamani suna iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarsu ka dube su ka ga lafiya lau. Shurin da ake yi musu da ƙafa, da bugun da yaran mota ke yi da sifana suna sauraron amo, sai taya ta kusa kwanciya suke tona asiri. Ka sayi ƙaramin ma'auni a shagon kayan mota, mai allura ko mai lambobi, ka ajiye shi a aljihun mota inda rana ba ta dukansa. Na wurin mai faci yana shan faɗuwa da ƙura kullum, ba laifinsa ba ne idan ya yi ƙarya. Ranar da ka saya, ka gwada naka da na mutum biyu a kan taya guda. Idan naka ya yi nesa da su duka, ka mayar.

Sai ka san harshen ma'aunin, don a Maradi harsuna biyu ne ke yawo. Masu facinmu da yawa “kilo” suke cewa, kilo biyu, kilo biyu da rabi, kuma kilo ɗaya kusan daidai yake da bar ɗaya. Ka gangara Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya ko Katsina, sai ka ji ana cewa talatin, talatin da biyar, arba'in. Wannan shi ne psi, kuma bar 1 daidai yake da 14.5 a cikinsa. Ke nan 2.2 shi ne 32, 2.5 kuma 36. Idan ka ga an rubuta kPa, ka raba da 100: 220 shi ne 2.2.

Ka nemo lambar motarka, ba ta tayar ba

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda manne. A wasu motocin tana bayan murfin tankin mai. Ita ke gaya maka iskar ƙafafun gaba da ta na baya, sau da yawa kashi biyu: idan mota ba kaya, da idan ta cika da mutane da kaya. Mu da ba ma tafiya sai da buhu a but da yara huɗu a baya, lambar lodi ita ce tamu a doguwar tafiya. Lambar da ke jikin tayar kanta, wadda aka rubuta kusa da kalmar MAX, iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce tana sanyi, ba abin da aka ce ka sa ba. Na sha ganin an cika tayar ƙaramar mota har can, mota ta riƙa tsalle kamar jaki ya ga kura, tsakiyar tayar ya cinye, birki kuma ya rage kamu domin robar da ke taɓa ƙasa ta ragu.

Masu kabu-kabu da adaidaita, taku takardar tana kan marfin sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya. A ƙananan babura yawanci ta gaba ba ta kai bar 2 ba, ta baya kuma 2 ne ko sama da haka kaɗan idan da goyo.

Lokacin awo

Wannan shi ne gishirin maganar. Duk lambobin nan na taya mai sanyi ne, wato wadda ta yi aƙalla awa biyu zuwa uku a tsaye cikin inuwa, ko wadda ba ta yi fiye da kilomita biyu ko uku a hankali ba. A garin nan, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 da rana, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba kafin hantsi. Ko motar da ba ta motsa ba, idan gefe guda yana rana ɗayan yana inuwar bedi, za ka ga bambanci tsakanin ƙafafun.

Kwance murfin bawul ka sa shi a aljihu, kada ka ajiye a ƙasa yashi ya shiga. Danna bakin ma'auni a kan bawul a miƙe, da ƙarfi, har ƙarar fitar iska ta ɗauke. Idan kana jin “fsss”, bai zauna ba, kuma lambar da ya ba ka ba ta da amfani. Karanta, ka cire, ka sake sau ɗaya don tabbatarwa. Ka zagaya ƙafa huɗu, ka rubuta. Sannan ka ɗaga but ka auna safaya, wadda kowa ke mantawa da ita sai ranar da ya buƙace ta a dajin da ke tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni. Idan siririyar nan ce ta wucin gadi, yawancinsu bar 4.2 suke so, an rubuta a jikinsu.

In akwai wadda ta gaza, ka tafi wurin mai faci mafi kusa a hankali. Ga dabarar da nake yi: idan a gida na ga 1.9 alhali 2.2 ake so, na san 0.3 nake bi. Da na isa sai in sake aunawa, in ƙara 0.3 a kan duk abin da na tarar. Ka ce masa ya sa kaɗan-kaɗan, kana aunawa da naka a tsakani. Mai facin unguwarmu, dattijo ne da nake kira Baba, da farko ya ɗauka raini ne. “Ɗana, injina ne ba ka yarda da shi ba ko ni?” Na ce, “Baba, ni da kai duk wannan ɗan ƙarfen ne alƙalinmu.” Yanzu shi ke miƙo hannu ya karɓa. Idan ya gama, yakan lakato yawu a yatsa ya shafa a bakin bawul, ya tsura ido. In yawun ya kumbura ya yi ƙwai, bawul na yoyo. Wannan gwajin nasa babu na'urar da ta fi shi. Sai a mayar da murfi. Shi ke tsare ƙurar hunturu.

Wani abu da za ka tambaye shi cikin ladabi: yaushe rabon da ya zubar da ruwan tankin injinsa? Idan aka matse iska, damshin da ke cikinta yana komawa ruwa ya taru a gindin tanki, musamman da damina. Ruwan nan in ya shiga taya, da zafi ya tashi sai wani sashensa ya zama tururi ya ƙara matsi fiye da lissafi, ga tsatsa da yake sa wa ƙarfen ƙafa. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tankin don haka. Masu tallar cika taya da iskar naitirojin kuwa, amfaninta na gaskiya shi ne busasshiya ce. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma zafi yana ɗaga ta kamar kowace iska.

Ka maimaita awon nan aƙalla sau ɗaya a wata, don lafiyayyar taya ma tana zubar da kusan bar 0.1 a wata ta jikin robar. Ka ƙara da duk jajibirin doguwar tafiya, Yamai ko Damagaram, da lokacin da yanayi ya juya. Tayar da aka daidaita da zafin Mayu, safiyar da ta biyo bayan ruwan farko za ka tarar ta sauka. Haka ma shigowar ɗari a Disamba, sa'ad da asuba ke saukowa wajen digiri 15.

Idan kana tsakiyar hanya

Ka tsaya shan ruwa a Gazawa, ka auna ka ga 2.6 maimakon 2.2: ka bar ta. Idan kuwa ka tarar da 2.2 daidai alhali tana da zafi, to a gaskiya ta gaza. Ka ƙara mata har ta kai lambar takarda da ƙarin 0.3, gobe da safe ka sake dubawa. Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne ƙafa ɗaya ta fi 'yan'uwanta zafi nesa ba kusa ba. Ko dai iskarta ta yi ƙasa, ko birki na kamawa, ko boris ya fara ci. Ka nemi inuwa ka ba ta rabin awa, ka rage gudu, in da hali ka rage kaya. Ni ban yarda da watsa wa ƙafa mai zafi ruwa ba. Robar waje kawai yake sanyayawa, kuma faifan birki mai zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya karkacewa.

Wuri ɗaya ne rage iska ke da hujja: yashi. Masu shiga ƙauyukan Dakoro da Mayahi sun san idan aka sassauta taya tana shimfiɗuwa ta hau bisa rairayi maimakon ta nutse. Amma wannan da tafiyar hawainiya ake yinsa, kuma da ka dawo bakin kwalta sai ka mayar da iskar kafin ka taka wuta. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya fara. In ka yi amfani da famfon hannu, taɓa gindinsa bayan bugu talatin ka ji yadda ya ɗau zafi: matse iska kansa yana haifar da zafi, shi ya sa tayar da aka cika yanzu-yanzu takan ɗan sauka in ta huce.

Tayar da kake sa wa iskar

Duk awonka banza ne idan robar ta mutu. Yawancinmu ta hannu muke saye, ba don muna so ba. To, ka duƙa ka karanta gefenta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara in ta kai biyar, a sauke ta in ta kai goma ko da zanenta bai cinye ba. A rana irin tamu roba ba ta jiran goma. Da ka ga ƙananan tsage-tsage a gefe kamar faso a dunduniya, ta gama. Idan ka ga hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa, galibi tayar sanyin Turai ce, an yi robarta da laushi don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Kyan zanenta na ruɗar mai saye, amma a kwaltar bazara cinyewa take kamar sabulu a ruwa. Akwai kuma lamba da harafi a ƙarshen girman taya, misali 91T: 91 na nufin kilo 615 ne iyakar abin da ƙafa ɗaya za ta ɗauka. Ka ninka da huɗu, ka tuna nauyin motar kanta yana ciki, sannan ka ƙirga buhunanka.

Abu biyu kuma da ba a yi ko da wasa. Kada a yi wa ƙarfen ƙafa walda taya na jikinsa, ko an zare bawul. Zafin yana sa robar ciki ta fara fitar da iska mai kamawa da wuta, matsi ya yi tsalle cikin ɗan lokaci, kuma tana iya tashi bayan mai walda ya ajiye kayansa. Na biyu, dabarar nan ta zuba mai a cikin taya a ƙyasta ashana don bakinta ya zauna. In ka ga za a yi, ka janye yaranka ka ba da tazara.

Tunda mun buɗe maganar matsi, ga murfin lagireto

Ruwa a tukunya buɗaɗɗiya yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. A Maradi, da muke ɗan sama, ya gaza haka da kamar digiri ɗaya. Idan aka danne shi da matsi, tafasar tana jinkiri. Murfin lagireto yana riƙe kusan bar 1 a kan na iskar duniya, shi ya sa ruwan injin ke iya kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba, kamar dai tukunyar nan mai rufin ƙarfe da ke dafa wake da ganda cikin ɗan lokaci. Da ka buɗe murfin injin na da zafi, matsin ya tafi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, ya yi feshi a fuska da hannu.

In allurar zafi ta hau, ka sauka gefen hanya, ka kashe injin, ka ɗaga bonet ka ba shi aƙalla rabin awa. Taɓa babban tiyon sama da tsumma: muddin yana da tauri kamar tayar keke, akwai matsi a ciki, ka ƙara jira. In ya yi laushi, ka ninka tsumma mai kauri a kan murfin, ka kawar da fuskarka, ka murɗa shi kaɗan kawai ka bari sauran tururin ya fice kafin ka cire. Ruwan kuma a zuba shi sannu-sannu. Kafin ka mayar da murfin, juya shi ka dubi robar da ke cikinsa. Idan ta tsage ko ta bushe ba ta riƙe matsi, kuma injin zai ci gaba da tafasa ruwa tun bai kai zafin da aka yi shi dominsa ba. Lambar da za ka nema a shago tana rubuce a bisa tsohon, 0.9 ko 1.1 a yawancin ƙananan motoci.